Matashin Kacalla da Kifin Suna

A gidana na Nguru ba a jiƙa matashin kai. Doka ce, kuma ni na kafa ta. Audugar rimi ba ta shiri da ruwa: in ta sha shi sai ta dunƙule, ta riƙa warin tsohuwar rijiya, ko wata guda ka shanya ta cikinta ba zai bushe ba. Abin da ake yi shi ne a sa reza a farke bakin ɗinki, a zazzage audugar a kan tabarma a rana, a wanke ƙyallen daban. In rana ta ratsa ta, sai a ɗauko tsumagiya a yi ta bugu har ta saki jiki ta kumbura, sannan a mayar a ɗinke. Sau biyu nake yi a shekara, kafin azumi da kuma bayan damina. Haka na ga uwata tana yi, ita ma haka ta ga tata uwar tana yi tun suna Kano, kafin fatauci ya biyo da kakanninmu ta hanyar jirgin ƙasa.

Ni kuma mace ce mai ido. In na shiga gidan mutum, kafin in gama amsa gaisuwa na san ranar ƙarshe da aka share ƙarƙashin gado. Ba na ɓoye abin da na gani. Akwai matan da ba sa murna da zuwana, na sani, amma ranar da za a kai 'yarsu ɗaki ni ake aikawa in duba jere.

'Yata ta biyu tana aure a Gashuwa, a gidan masunta. Mijinta yana harkar kifi, uwarsa kuma, wadda kowa ke ce wa Hajiya, ita ke banda a tsakar gida. Doguwar mace ce Babadiya, 'yar ƙabilar yankin, baƙa, ba ta da yawan magana, sa'ata ce ko ta girme ni da kaɗan, amma tun ranar biki take ce min Yaya don girmamawa. Haihuwar fari a wurina 'yar ta yi wanka. Da ta biyu ta zo, Hajiya ta aiko a ce min a bar mata ita, ni in zo in taya. Ban so ba, amma na shirya. Kwana uku da haihuwa na hau mota, muka bi ta Jajimaji, zafi kamar a bakin murhu, na isa da azahar.

Ban gama ajiye mayafi ba 'yar ta kama hannuna ta ja ni bakin gado.

Ta ce, "Inna, don girman Allah, wata alfarma nake roƙo."

Na ce, "Ban zauna ba kin fara."

Ta ce, "Kada ki gyara komai a gidan nan. Ko kin ga tsintsiya a kan gado, ki bar ta."

Na ce ni ina ruwana da gidan mutane. Ta dube ni irin duban da ba ta koya a wurina ba, ta sassauta murya ta ba ni labari. Hajiya ba ta faɗa, ba ta zagi. In ka ɓata mata, sai ta ce "to", shi ke nan ta rufe ka. Matar babban ɗanta ta taɓa ɗaukar tukunyar da take jiƙa magani ta dafa wake a ciki ba ta tambaya ba. Hajiya ta ce to. Shekara guda ba ta ci abincin matar ba, ba ta ɗauki ɗanta ba, gaisuwa kuwa sai da ka. Ƙarshe sai haya suka kama a bayan tasha.

'Yata ta ce, "Shekara huɗu ina lallaɓawa, ko sau ɗaya ba ta ce min to ba. Ke kwana kaɗan za ki yi ki koma Nguru. Ni a nan zan tsufa."

Na ce na ji. Kuma a lokacin har zuciyata na ji.

Sai na ɗaga kai. A saman kabad, an jera su ɗaya kan ɗaya kamar kayan sayarwa, ga matasan kai huɗu da na yi mata na aure. Da hannuna na tsince audugar, na cire 'ya'yan rimi ɗaya bayan ɗaya, na ɗinka musu riguna masu fulawa. Ko ledar da na sa su ba a cire ba. A kan gadon kuwa wasu ne huɗu, sun kwanta sun yi lafa-lafa, rigunansu na wani tsohon atamfa da ba a gane asalin launinsa. Na kai hanci. Hayaƙin banda, man kai, gumi, da wani ɗan ƙamshi irin na ciyawa da ban kula da shi ba.

Na ce, "Waɗannan fa?"

Ta ce, "Hajiya ce ta yi min da kanta, tun ina amarya. Ta ce sun fi sanyi a kai."

Sun fi sanyi. Nawa ke nan zafi gare su.

Ban ce komai ba, Allah shi ne shaida. Amma kwana biyu na yi ina kallon matasan nan kamar yadda mage ke kallon kwanon da aka rufe. Ranar suna matan Nguru za su cika ɗakin, su zauna a kan gadon, wata ta ja matashi ta jingina. Su ma hanci gare su. Za su koma su ce sun ga ɗakin 'yar mai ido.

Kwana biyar da haihuwa, saura kwana biyu suna. Tun daren jiya Hajiya ta gama bandar kifin da za a yi miyar suna da shi. Tarwada ce manya, an lanƙwasa su an soke, sun yi ja suna sheƙin mai. Da hantsi ta fito da su ta jera a kan ragar waya guda uku a tsakar gida don su sha rana. Ta yi wa mai jego wankan safe, ta dama mata kunun kanwa, ta yafa mayafi za ta kasuwa cefane.

Ta ce, "Yaya, ga amana. An ce ƙuda ba ya gilmawa ba ki gan shi ba. Ki sa min ido a kan kifin nan, akwai shirwa, akwai magen maƙwabta."

Na ce, "Je ki, Hajiya. Ko ƙura ba za ta sauka a kansu ba."

Da bakina na faɗa.

Tana fita na leƙa ɗaki. Ruwan zafi da kunu sun yi aikinsu, 'yar tana barci baki buɗe, jaririn a gefenta cikin gidan sauro. Na taka kujera na sauko da matasaina. Uku na Hajiya suna gefe, na kwashe su cikin sauƙi. Na huɗun yana ƙarƙashin kanta. Na tallabi kan a hankali, yadda nake yi mata tana ƙarama, na zare wancan na cusa nawa. Ta yi ajiyar zuciya ta ƙara nutsewa. Na ce a raina, ga shi, ai jiki ya san na gida.

Lissafina ba shi da aibu. Kafin Hajiya ta dawo na wanke, rana ta busar, na buge, na mayar, na ɗinke. Za ta ga matasanta sun kumbura suna ƙamshi, ta ɗauka albarkar jariri ce.

Na shimfiɗa tabarma biyu a rana, taku kaɗan daga kifin, don ido ɗaya ya yi aiki biyu. Na sa reza na farke na farko. Abin da ke ciki ya fito a dunƙule, ruwan ƙasa-ƙasa, laushi kamar gashin ɗan tsako. Na murza shi a yatsa. Na ce, wayyo rimi, haka aka yi da kai? Shekara huɗu ba rana ba tsumagiya, dole ka koma haka. Na zazzage duka huɗun, suka yi tudu biyu. Ba iska ko kaɗan, ganyen darbejiya ko motsi ba ya yi. Zaren da na farke na naɗe shi a tsinken tsintsiya na soke a jikin zana, don ba na zubar da zare. Na ja ruwa, na wanke riguna da ƙyallayen ciki. Ruwan farko ya fito kamar shayi, na biyu ma haka, sai a na huɗu na yarda da shi. Na matse, na shanya, na tsaya na kalli aikina, na kori mage sau ɗaya. Raina fes.

Da rana ta take na karyo tsumagiya daga darbejiya, na tsige ganyen, na gyara ɗaurin zane. Na yi bisimilla na sauke ta a tsakiyar tudun.

Tudun ya tashi.

Ba kumbura ya yi ba irin ta rimi. Tashi ya yi gaba ɗaya, kamar an watsa ruwa a garwashi. Abu fari, siriri, kowane ƙwaya da ɗan gashinsa, ya cika min fuska, ya shiga hanci, ya shiga baki. Na ja da baya ina tari. Kuma ka san hannu in ya saba, kafin kai ya ce masa tsaya ya riga ya sake sauke bugu na biyu.

A daidai nan iskar kogi ta iso. Mutanen Gashuwa sun san ta, kullum gab da azahar take tasowa a irin wannan lokaci na zafi. Ni ba wanda ya gabatar da ni gare ta. Ta shigo ta kan katanga, ta kwashi tudu na biyu da ko taɓa shi ban yi ba, ta juya shi sau ɗaya a tsakar gida kamar mai neman wurin zama.

Abin da na fara yi, kuma shi kaɗai nake alfahari da shi a ranar, da gudu na je na ja ƙofar ɗakin jariri na rufe tagar. Da na juyo, kifin ya riga ya samu baƙi. Tarwada mai maiƙo, da ɗumin rana a jikinta, duk abin da ya sauka ya zauna ke nan. Raga uku. Kowane kifi ya yi gashi fari, sun koma kamar tsofaffi a sahun gaba.

Na kwance mayafi na rufe raga ɗaya, iska ta yaye. Na ɗebo ruwa ina yayyafa wa abin da ya rage a tabarma, ya manne a ƙafata. Na ɗauki tsintsiya, ina sharewa yana tashi yana bin bayana. Na ɗauki kifi ɗaya na hura, ko gezau. Na goge da gefen zane, abin ya ƙara shigewa cikin man.

Sai na ji muryar maƙwabciya ta bayan katanga: "Kai jama'a! Wane mara aikin yi ne ya saki kacalla a unguwar nan? Ga ta har cikin ƙulluna!"

Kacalla. Na tsaya da kifi a hannu.

Wa bai san kacalla ba a Nguru? Ita ce doguwar ciyawar nan da ta cinye bakin tafki, ta toshe wa masu kwalekwale hanya, mai kai kamar zangarniyar gero. Na sha ganin yadda kan nata ke fashewa in ya bushe, iska ta yi ta yawo da shi. Amma mu 'yan cikin gari rimi muke saya a buhu. Ban taɓa kawowa a raina cewa mutum mai hankali zai kama wannan abu ya ɗinke shi a ƙyalle ya ɗora kai a kansa ba. Daga baya na ji yadda suke yi: ba a buɗe matashin sam. Rigar waje kawai ake cirewa a wanke, shi kuwa a ɗora shi a kan rufi a rufe, a bubbuga da tafin hannu. Ranar da za a cusa sabo ma, a ɗaki ake yi, ƙofa a rufe, a fasa kan kacallar a can cikin ƙyallen.

Ban amsa wa maƙwabciya ba. Na lafe kamar ba kowa a gidan.

Ƙofa ta buɗe, 'yata ta leƙo. Ta kalli kifi, ta kalli ƙyallaye huɗu suna rawa a igiya ba komai a cikinsu, ta kalle ni. Ba ta ce "ban gaya miki ba?" Da ta faɗa da na samu abin yi wa faɗa. Hannu kawai ta ɗora a ka ta ce, "Inna."

Sallamar Hajiya ce ta biyo baya.

Ta shigo da kwando a ka. Ta sauke shi a hankali. Ta je ta tsaya a kan raga ta farko, ta ɗauki kifi ɗaya ta juya shi, ta ajiye. Ta je igiya ta taɓa ƙyallen. Abin nan fari yana ta sauka a kafaɗarta. Ni kuwa ina ta neman ta inda zan fara, ko ta iska, ko ta mage.

'Yata ta riga ni. Ta durƙusa a bakin ƙofa ta ce, "Hajiya, ni ce. Na ga baƙi za su zo, na ce bari in wanke. Ki yafe ni."

Hajiya ta juyo ta dube ta. Ta ce, "Ke ce?"

"Ni ce."

Hajiya ta ce, "To."

Yanzu zan faɗi abin da na yi, don na riga na tsufa, kuma an ba da labarin a Gashuwa fiye da yadda zan iya gyarawa. Na ji sanyi a raina. Na ji kamar wadda mota ta wuce ta gefenta. Har na gyara murya na ce, "Ai yaran yanzu, Hajiya, ba sa tambaya."

Hajiya ta kalle ni. Ba idona ta kalla ba, wani wuri ne sama da ido kaɗan. Ta ce, "Haka ne, Yaya. Ba sa tambaya." Ta ɗauki kwandonta ta shige madafa.

Na yi azahar, na ci tuwo har da ƙari. Ina gaya wa kaina, ai mai jego ce, wa zai riƙe mai jego? Kwana biyu za a manta.

Amma ni mai ido ce, kuma idon ba ya zaɓen abin da zai gani. Kullum bayan azahar Hajiya takan shigo ɗaki ta ɗauki jaririn, ta ɗora shi a cinya tana yi masa waƙa da yarensu, tana ce masa maigida. Ranar ba ta shigo ba. Kunun yamma ta dama, amma a bakin ƙofa ta ajiye kwanon, ta ƙwanƙwasa murfin da yatsa ta juya. Da lokacin wanka ya yi ta hura wuta, ta tafasa ruwa, ta ce daga nesa, "Yaya, ga ruwan 'yarki." 'Yarki. Tun da na zo "'yata" take cewa.

Ni na yi mata wankan. Ina tsoma ganye ina fyaɗa mata a baya, ba ta ce da zafi ba, ita da kullum sai ta yi ƙara. Da muka koma ɗaki ta juya fuska bango tana ba yaro nono. Kunun yana nan ya yi fata a sama.

Na ce, "Sha kununki."

Ta ce, "Na ƙoshi."

Na ce, "Wa ya aike ki ki ce ke ce?"

Ta ce, "In ta rufe ki, Inna, ta rufe gidanmu duka. Ba za ta sake taka Nguru ba, ke ma ba za ki sake zuwa ba. Gara ni, ina gabanta, wata rana za ta gaji."

Na zauna a bakin gado, a kan matashina mai fulawa, na ji bai da daɗin zama. Na tuna gidan haya a bayan tasha. Na yi la'asar, na daɗe a kan sallaya fiye da yadda na saba, ba don yawan addu'a ba. Sannan na tashi na fita.

Hajiya tana gindin darbejiya a kan kujera 'yar tsugunne. Ta hura garwashi a kasko. Sai ta ɗauki kifi ta gilma shi a kan wuta, gashin ya ƙone, ta kankare da bayan wuƙa, ta jefa a kwando. Ta yi kamar goma. Saura tuli.

Na ce, "Sannu da aiki, Hajiya."

"Yauwa."

Na jawo turmi na kifa na zauna. Na ce, "Iskar garin nan ba ta da ta ido."

"Haka take tun ina yarinya."

"A Nguru sai la'asar take tasowa."

"Allah Sarki."

Ta kankare wani. Na kalli sama, na kalli ƙasa. Mage ta zo ta wuce, ban ko kore ta ba.

Na ce, "Wato, maganar matasan nan."

"Ina jin ki."

"Akwai hannuna a ciki."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Hannu ɗaya ko biyu?"

Na ce, "Biyu."

"Na yarinyar fa?"

"Barci take yi. Daga ƙarƙashin kanta na zare."

"Tsumagiyar da na gani a bayan randa?"

"Tawa ce."

"Yaran yanzu da ba sa tambaya fa?"

Na ce, "Hajiya, kin ci. Me kuma kike so, in kwanta ki taka?"

Sai kafaɗunta suka fara rawa. Ta ajiye wuƙa, ta sa gefen mayafi a baki, dariya ta ƙwace mata har da hawaye. Shekara huɗu da saninta ban taɓa ganin haƙoranta na ciki ba sai ranar.

Ta ce, "Yaya ta Nguru! Tun daga zaure na san ke ce. Zaren da aka farke an naɗe shi a tsinke an soke a zana. Yarinyar nan ko allura ba ta mayarwa inda ta ɗauka. Kuma mai jegon kwana biyar ce za ta matse ƙyalle ya bushe haka? Ga girarki fari fat, har yanzu ma akwai saura a ta hagu."

Na kai hannu na shafa. Akwai.

Na ce, "To tunda kin sani, me ya sa kika juya wa yarinya baya? Ko kunu ta kasa sha."

Ta daina dariya. Ta ce, "Rabin fushin na gaske ne. A tsakar gidana ta durƙusa ta yi min ƙarya. Rabin kuma naki ne. Ina so in ga ko za ki kai magariba." Ta ɗauki wani kifi ta duba. "Da kin kai, da na san irin gidan da ta fito."

Wannan ta shige ni. Ban nuna ba.

Ta miƙe ta kakkaɓe zane. Ta ce, "Tashi mu je. Ni na ji nawa, saura nata."

Na ce, "Nata me?"

"Haƙuri za ki ba ta."

Na ce, "Ni? 'Yar da na haifa?"

Ta ce, "Ita kika bari a rana, ba ni ba. Ni kifi kawai kika ɓata min."

Tun da nake ban taɓa ba ɗan da na haifa haƙuri ba. Uwata ba ta ba ni ba, kuma ga ni na rayu. In na yi wa yaro ba daidai ba, nama nake ƙara masa a miya, ya gane da kansa. Amma Hajiya ta riga ta yi gaba, kuma doguwa ce, taku ɗaya nata biyu nawa ne.

Muka shiga. 'Yar ta zabura za ta durƙusa, Hajiya ta ce, "Zauna. Ke, daga yau in kika sake yi min ƙarya, ko don ki ceci uwarki daga bakin kada ne, ni da ke ne. Kin ji?"

"Na ji, Hajiya."

"Miƙo min maigidana." Ta karɓi jaririn ta zauna a bakin gado ta ɗora shi a cinya. Ta nuna ni da haɓa. "Yaya tana da magana."

Na tsaya a tsakiyar ɗaki. Na ce, "Ke, tashi ki sha kununki."

Hajiya ta ce, "Ba ita ba ce."

Na ce, "Ya huce ma, bari in ɗumama mata."

"Yaya."

Na kalli kabad, na kalli silin. Na ce, "Abin da ya faru ɗazu, bai kamata ki ɗauka ba."

Hajiya ta ce wa jaririn, "Maigida, ka ji an fara kusantowa. Mu ƙara jira, ba inda za mu."

'Yata ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi ta rufe fuska. Na ga mayafin yana motsi, na ɗauka kuka take. Wannan ne ya karya ni. Na ce da sauri, kamar mai haɗiye maganin ɗaci, "Ki yi haƙuri. Ni na yi, na bar ki da shi."

Ashe dariya take. Ta riƙe ciki tana cewa, "Wayyo, Hajiya, ki sa ta daina, cikina bai warke ba! Inna, na yafe, na yafe, don Allah kada ki sake faɗa, tsoro kike ba ni!"

Na ce, "Mara kunya. Sha kununki."

Ta ɗauki kwanon a sanyinsa ta kafa kai, ba ta sauke ba sai da ta ga gindinsa.

Hajiya ta sa yaron a kafaɗa ta fito da shi, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka haife shi. Ta zauna a inuwa nesa da hayaƙi, ta tura min kujera 'yar tsugunne da ƙafa, ta nuna min wuƙa da kasko da raga biyu da rabi.

Ta ce, "A gilma, ba a gasa ba. Kuma da bayan wuƙa, kada ki yage min fata."

Na ce, "Ke fa?"

Ta ce, "Ni ina da miji a hannu."

Na ɗauki tarwada ta farko na gilma a wuta. Ta ce na daɗe. Ta biyu ta ce na yi sauri. A ta shida ne ta yi shiru, na ɗauka na iya, ashe ta juya ne tana gaya wa maƙwabciya ta kan katanga wanda ya saki kacalla.